Lauyar Gidan Alhaji Iro

Tun ranar da Sadiya ta ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, yayana Alhaji Iro ya daina kiranta da sunan da ya raɗa mata. Lauya ta koma. "Lauya, kawo min buta." "Lauya, zo ki gai da baƙi." Yarinya ko ƙofar jami'a ba ta taka ba, amma shi a rumfarsa ta atamfa har ya fara yi wa mutane barazana da kotu. Ni Dela, ƙanwarsa, da nake zaune a ɗakin bakin zaure tun rasuwar mijina, na ga abin da ya biyo baya da idona, kuma zan faɗa ko da za a daina miƙo min tuwo.

A duk zuriyarmu, daga kakanmu da ya baro Kano har jikokinsa da aka haifa a nan Zangon Wagadugu, babu wanda ya taɓa shiga jami'a sai ita. Mazan gidan sun iya awon yadi, sun iya Mosanci, yaren 'yan ƙasa, kamar a bakinsu aka ƙera shi, sun iya Faransancin "shigo ka duba kaya". Amma a miƙa musu takarda mai hatimi, sai ka ga suna juya ta kamar waina a tanda.

Ɗan Malam, aminin yayana, mutumin da ba a taɓa yin taro a unguwarmu ta Zangouettin bai riƙe lasifika ba, shi ya ce wannan abu ya fi ƙarfin gida ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji shi. Sai ya kafa Ƙungiyar Tallafa wa Ɗaliban Zango. Shi ne shugaba, yayana mataimaki, ga sakatare, ga mai tsawatarwa, ga mataimakin mai tsawatarwa. Mutum goma sha ɗaya, duk an ɗinka musu shadda iri ɗaya. Ɗaliba kuwa guda ɗaya tak. Tallafin da ya iso hannun Sadiya shi ne addu'a mai tsawo, da hoto, da wani alƙalami mai ruwan zinare wanda har yau bai taɓa rubutu ba.

Ana cikin haka gwamnati ta ce za ta rushe unguwarmu a gina manyan benaye, mu kuma a ba mu filaye a bayan gari. Takardu suka fara sauka kamar ruwan Agusta. Takardar ƙidaya, takardar gida, takardar gado, takardar da ke shaida cewa waccan takardar gaskiya ce. Duk da Faransanci. Akwai masu rubuta wa mutane takardu a bakin ofisoshi, kowa ya san da su. Amma Ɗan Malam ya miƙe a masallaci ya ce, don me za mu kai wa bare sirrin gidajenmu alhali Allah ya ba mu lauya tamu ta kanmu?

Daga ranar zaurenmu ya koma ofis. Kafin Sadiya ta shafa addu'ar asuba, mutum biyar sun jeru a kan tabarma, kowa da ledarsa ta takardu.

To, shi karatun fak, wato jami'a, kamar yadda ta bayyana min, ba a yi masa haka. In kana son wurin zama a babban ɗakin da suke kira amfi, sai ka isa tun gari bai gama wayewa ba. Malami zai tsaya ya yi ta zuba, ku kuna rubutawa, kuma sau ɗaya yake faɗa. Wanda ya makara a taga zai tsaya, yana jin rabin magana. Sadiya ta yi tsayuwar taga har ta gaji, ranakun da ta samu zuwa ke nan. Shekarar farko ta faɗi. Aka ce ta maimaita. Kuma a sashensu, in ka maimaita ka sake faɗuwa, shi ke nan, an sallame ka.

Ta gaya wa ubanta wannan a gabana, tana durƙushe, muryarta can ƙasa.

"Baba, wannan ce dama ta ƙarshe. In ban ci bana ba, sun kore ni."

Yayana ya gyara zama, ya yi murmushin manya.

"Lauya, ni za ki koya wa karatu? Shekara tara na yi ina ɗaukar karatu a zauren malam. In fatauci ya ɗauke ni wata uku, ina dawowa malam zai ce, Iro ina muka tsaya? In ɗora yatsa a kan layin, mu ci gaba. Karatu ba akuya ba ce da za ta tsinke igiya ta gudu. Yana nan inda kika bar shi."

"Baba, namu ba haka yake ba."

"Duk karatu karatu ne. Tashi, Alhaji Hafizu na jiranki a zaure tun ɗazu, dattijo ne."

Ta tashi.

Mutum ɗaya ne ya san ciwon yarinyar nan, ita ce Madam Salamata. Uwarta 'yar Zango ce, ubanta daga Mosawa, ita kuma magatakarda ce a wata kotu. Ita ma a gidansu ita ta fara zuwa jami'a, don haka ta san dawan garin. Duk ranar Asabar takan tara yara kamar goma a tsakar gidanta a unguwar Wemtenga, duk irin Sadiya, waɗanda ba su da yaya ko kawun da za su tambaya yadda ake yi. Allo ta kafa a gindin mangwaro. Tana ba su tsofaffin tambayoyin jarrabawa, tana nuna musu yadda ake tsara amsa, wanda ya rasa darasi sauran su ba shi ya kwafa. Ba shadda, ba lasifika. Ranar Asabar kaɗai nake ganin Sadiya ta dawo tana dariya.

Jarrabawar watan Yuni ta zo, Sadiya ta tsallake komai sai darasi ɗaya, wanda ake yi ranar Talata da safe. Ranar Talata kuwa ita ce ranar karɓar takardu a ofishin masu rusau. Kada in yi ta zagin mutane in tsame kaina: Talata biyu daga ciki ni na cinye su, a kan takardar gadon mijina. Na ce mata, "'Yar nan, ni gwaggonki ce, ba ni da kowa." Ta ajiye jakarta ta bi ni. Allah ya yafe min.

Saura zagaye na biyu, a watan Satumba. Darasi ɗaya, zama ɗaya, awa uku.

Sai ga Madam Salamata a kan ɗan babur ɗinta, mobilet, ranar wata Lahadi da la'asar. Ta sami yayana da Ɗan Malam a ƙofar gida suna shan shayi. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, ni ina jin su ta taga.

"Baba Alhaji, alfarma na zo nema. Mako shida ya rage wa Sadiya. Ku ba ni aronta ta zauna a wurina ta yi karatu. Takardun unguwa kuma a tara min, duk Lahadi ni da ɗalibaina za mu zo nan zauren mu cike su, ba sai an taɓa ta ba."

Ɗan Malam ya ajiye kofi. Ka ce an zage shi.

"Madam, ke ba ki da labarin akwai ƙungiya a unguwar nan? Mai shugaba, mai tsarin mulki?"

"Na ji, Baba. Taimaka wa ƙungiyar na zo yi."

"Mun gode. Yarinyar nan tun kafin ta shiga fak muke tallafa mata. Akwai hoto."

Yayana ya karɓe. "Kuma takardun nan, Madam, ba kowa ake nuna wa ba. Akwai maganar gado a ciki, akwai wanda ya sayi ɗaki bai gaya wa 'yan'uwansa ba. 'Ya'yan mutane su zo su karanta cikinmu? Sannan a ce 'yar Alhaji Iro ta koma kwana a Wemtenga, kamar ba ta da gidan uba? A'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Baba Alhaji, in ta rasa wannan zaman, ba wani."

"In Allah ya nufa za ta ci, ko a layin ofis take za ta ci."

Madam Salamata ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta yi sallama. Ƙarar mobilet ɗinta ba ta gama ɓacewa ba Ɗan Malam ya ce, "Ka ga irin masu hure wa yara kunne." Daga wannan makon aka hana Sadiya zuwa Wemtenga. Wai Asabar ranar tsara takardu ce.

Yarinya ta dinga zubewa. Wuyanta ya yi tsawo. A layin ofis take karatu, littafi a hannun hagu, ledar wani dattijo a hannun dama. In ka buɗe littafinta za ka ga darasi rabin shafi, sauran lambobin gidajen mutane ne. Yaran Madam Salamata su suke zagayowa da rana su miƙo mata abin da aka yi a gindin mangwaro, ta ƙofar baya, kamar masu kawo kayan sata. Duk da haka ta iya darasin nan. Ni da ban san ko bihim ba a Faransanci, ta zaunar da ni ta karanta min shi da ka, tun daga farko har ƙarshe, idonta a rufe.

Jarrabawa ranar Alhamis ce, ƙarfe bakwai na safe. Ranar Laraba da azahar aka aiko cewa masu gidajen layinmu su je ranar Alhamis su sa hannu a takardar filayensu.

Sadiya ta sake durƙusawa.

"Baba, don girman Allah. Madam Salamata ta ce ita da kanta za ta raka ka. Ko ka bari sai na fito, ƙarfe goma na gama. Ofishin har yamma yake."

"In bari na bayana su zaɓe filayen bakin hanya? Gida sukutum za a rushe mana, kina min maganar takarda ɗaya? Ni ba na dangwala yatsa a abin da jinina bai karanta min ba. Sammako za mu yi, mu ne na farko, minti goma an gama. Ni da kaina zan sa a kai ki."

Ya miƙa hannu. "Kawo katin nan naki na makaranta in riƙe miki, kada ya faɗi a cikin turmutsutsu."

Ba a shiga ɗakin jarrabawa sai da katin. Ya sani sarai, ita ta gaya masa. Ya zura shi a aljihun gaba, ya danne da hannu.

Na bi su, don da sunana a takardar. Muka isa ƙarfe shida saura, muka tarar da mutum arba'in da suka fi mu iya sammako. Ofis kuma ba ya buɗewa sai bakwai da rabi. Sadiya na tsaye tana kallon agogon hannunta, tana kallon aljihun ubanta. Bakwai saura kwata na matsa kusa da shi.

"Yaya, ka sake ta mana. Ni zan tsaya da kai."

"Dela, yaushe kika shiga ƙungiya?"

Na ja bakina na tsuke. Sau ɗaya na faɗa, kuma a hankali. Wannan shi ne iyakar jarumtata.

Ƙarfe tara da rabi aka kira mu. Ta karanta masa shafi uku, ta fassara, ya ce ta maimaita wurin da aka ambaci faɗin filin. Ta maimaita. Ya dangwala. Muna fitowa na bayanmu ya riƙo gefen mayafinta. "Lauya, tunda kina nan." Na bayansa ma haka. Yayana yana tsaye yana washe baki, yana cewa, "Ai taku ce, ai taku ce." Sai da ta karanta wa mutum huɗu sannan ya zaro katin ya miƙa mata, har da cewa ta yi sauri kada ta makara.

Ta isa fak an riga an fito. Yaran Madam Salamata suka gan ta a bakin ƙofa.

Da ta dawo ba ta yi kuka ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ɗan Malam kuwa ya ce wannan ƙaramin abu ne, irin ranar da aka kafa ƙungiya dominta ke nan. Washegari mutum bakwai suka saka shaddarsu, suka ɗauki ƙwaryar goro da turmin atamfa, suka nufi jami'a wai za su ba malam haƙuri ya ɗora mata daga inda ta tsaya. Wa zai yi musu tafinta? Sadiya.

Ita ta ba ni labari. Malamin ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo kujeru. Ya saurari jawabin Ɗan Malam har ƙarshe, wanda ba kowa ke iyawa ba. Sannan ya ce ya ji tausayi, amma jarrabawa ta mutum ɗari bakwai ce, rana ɗaya, ba shi da ikon buɗe ta saboda mutum ɗaya. Ya mayar musu da goronsu da atamfarsu. Sadiya ta juya maganar zuwa Hausa, ba ta rage ko kalma ba.

A hanya Ɗan Malam ya ce, "Kun ga yadda ya yi murmushi? An gama. Babban mutum ba ya cewa to a gaban jama'a." Yayana ya ce ai mayar da goron ma alama ce ta mutumin kirki, irinsu ne ke yin abu don Allah.

Saura mako guda motocin rusau su shigo layinmu, ƙungiya ta shirya taron ban kwana da unguwa, haɗe da karrama ɗalibarta. Yayana ya aiki Sadiya ta karɓo takardar sakamako, mai hatimi. Ta karɓo. Ta miƙa masa ta ce, "Baba, bari in karanta maka tukuna."

"A'a. A gaban jama'a za ki karanta, maƙiya su ji."

"Baba..."

"Hatimi nawa ne wannan? Biyu! Ka ga aikin zuwa da manya."

Ya kai aka saka ta a gilashi, da zanen furanni a gefe.

Ranar taron an kafa rumfa a bakin masallaci, a tsakanin gidajen da aka riga aka cire wa ƙofofi da kwano. An yi dafa-duka tukunya uku. Madam Salamata ta zo, ba wanda ya ba ta kujera, ta tsaya can baya da yaranta. Ɗan Malam ya yi minti arba'in yana bayanin yadda al'umma ke ɗaukar ɗanta a kafaɗa har ya taɓo sama. Ya ce za a iya rushe gini, amma ba za a rushe abin da suka gina a kan yarinyar nan ba. Aka yi kabbara. Sannan yayana ya ɗaga gilashin sama, ya juya shi dama da hagu, ya miƙa wa 'yarsa tare da lasifika.

"Lauya, karanta, ki fassara. Yadda kika saba."

Ta karɓa. Ta karanta Faransancin a natse, ta koma Hausa.

"Halimatu Sadiya Iro. Shekarar farko, karo na biyu. Darasi na ɗaya, ta ci. Na biyu, ta ci." Aka yi ta tafi har na bakwai. "Darasi na takwas, ba ta halarta ba. Hukunci: ta faɗi. Ba ta da izinin sake yin rajista a wannan sashe."

Lasifikar ta yi ƙara, ta yi shiru. Wata mata ta riga ta saki guɗa, ta haɗiye rabinta.

Kai, ban taɓa ganin mutane sun farfaɗo da sauri irin na ranar ba. Sakatare ya ce Allah bai nufa ba. Mai tsawatarwa ya ce shi dama ya lura yarinyar ba ta cika zama ta yi karatu ba, kullum tana yawon ofisoshi. Wannan mutumin Talata uku ya ci. Ɗan Malam ya karɓi lasifika ya ce ƙungiya ta yi iya yinta, har jami'a ta taka, amma akwai masu raba hankalin yara da karatun gindin bishiya. Kowa ya waiga baya. Madam Salamata hawaye ne kawai ke zubo mata. Ita kaɗai ce ta yi wa Sadiya kuka a wurin nan, mu 'yan'uwanta muna neman inda za mu ajiye idonmu.

Yayana ya dubi gilashin, ya dubi 'yarsa.

"Sadiya," ya ce, "kin ba ni kunya."

Shekara biyu rabon da in ji sunan nan a bakinsa.

An fara raba shinkafa, don abinci ba ya jiran baƙin ciki. Sadiya na sauka daga kan dandamali sai ga tsoho Maman mai goro ya taso da sandarsa, yana laluben aljihu. Ya zaro leda, ya warware, ya fito da takarda mai ninki huɗu.

"'Yar nan, Allah ya sa haka ne mafi alheri. To, tunda yanzu babu makaranta, gobe da sassafe ki raka ni ofishin nan. Sun ce sunana bai yi daidai ba."

Sadiya ta dubi takardar, ba ta miƙa hannu ba. Na ce a raina, yau dai za ta faɗa. Wallahi na roƙi Allah ta faɗa, ta watsa mana ita a fuska gaba ɗayanmu.

Yayana ne ya amsa, daga inda yake zaune, da loma a hannunsa.

"Za ta raka ka, Baba Maman. Me take yi?"

Ta sa hannu biyu ta karɓa, har da ɗan rusunawa. Yarinya ce mai tarbiyya. Mu muka ba ta.